Tambayi Kawu: Bikin balan-balan na hamadar Amurka

Salamu alaikum jama'a. Tunda na kuskura na ambata cewa na taɓa zuwa kallon manyan balan-balan ɗin nan masu ɗaukar mutane a Amurka shikenan na jawo wa kaina, saƙonni suka yi ta zuwa kamar ruwan Agusta, har da mai tambaya ko aljanu ne ke ɗaga su. Na tsinci guda shida, sauran ku yi min afuwa.

TAMBAYA: Kawu barka da aiki. Muna zaune a Dalas ni da maigida da yara uku, babbar shekararta 11 ƙaramin 4. Maigidan yace bana in Allah ya kaimu zai kaimu bikin balan-balan ɗin nan na hamada, amma shi lissafinsa mu tafi Juma'a mu kalla Asabar da safe mu juyo. Ni kuma zafi nake tsoro tunda ance hamada ce, ƙaramin baya jure zafi ko kaɗan. Me zamu riƙe, kuma kwana ɗaya ya isa? Maman yara, Dalas

AMSA: 'Yata fara cire zancen zafi a ranki, sanyi ne zai baki kashi. Garin da ake bikin sunansa Albukaki, in zaku nemi tikiti Albuquerque suke rubutawa, a jihar Niyu Meksiko, kuma hamadarsu ba irin wadda kike gani a hoton Tenere bace mai tudun rairayi da raƙuma, a'a, faƙo ne mai ƙananan itatuwa da duwatsu, kuma a kan tudu yake, sama da mita 1,500 daga matakin teku. Ana bikin ne daga Asabar ɗin farko ta Oktoba, kwana tara cur, to a wannan lokacin da asuba sanyi kan sauka ƙasa da digiri 10, wani lokacin har wajen 4 ko 5, ki ɗauka tsakiyar hunturu ne a Jos. Amma da rana ta ɗaga sai kiga kowa na tuɓe riga yana ɗaurawa a ƙugu. Saboda haka kaya ake jerawa ɗaya kan ɗaya, suwaita, jaket, hular sanyi, safar hannu, safar ƙafa mai kauri, da takalmi rufaffe don ciyawar filin a jiƙe take da raɓa. Ki riƙe bargo na ƙaramin. Ki riƙe man kaɗanya don iskar wajen a bushe take, kwana ɗaya zakiga leɓe ya tsage, kuma ku dinga shan ruwa ko ba ƙishi.

To batun kwana ɗaya kuma, ki gaishe min da maigidan ki ce masa Kawu yace ya sake lissafi. Daga Dalas tafiyar awa goma ce a mota, kilomita dubu da ɗoriya, ba tafiyar da za'a yi a kan caca bace. Ni abinda ya same ni kenan zuwana na farko, na kama ɗaki a wani otal da ya ninka kuɗinsa saboda biki, na tashi ƙarfe uku da rabi, na shiga fili ina rawar ɗari da kofin shayi a hannu, sai kawai naga an ɗaga jan tuta. Wato ba tashi. Iska tayi yawa. Tutoci uku suke da su, kore an bada izini, rawaya a dakata ana dubawa, ja kuwa kowa ya kama gabansa. Iska kaɗan ce ke hana su, da ta haura kamar kilomita 16 a awa sai kiga fuskar matuƙa ta canza. Ranar abinda na kalla shine kwanduna a jere ana hura wuta sama ba balan ko ɗaya, na koma filin jirgi da yamma kamar wanda aka yi wa sata. Wannan biki iska ce mai shi, ba masu shiryawa ba, ba mai tikiti ba. Ku bada aƙalla safiya biyu, in da hali uku.

Yanda ranar take tafiya in an dace kuwa: ana buɗe ƙofa ƙarfe huɗu da rabi na asuba, kuma da gaske ku zo da wuri don go-silo ɗin wajen in ya sarƙe sai ki kalli bikin ta tagar mota. Gara ku ajiye motar a inda aka tanada a cikin gari ku hau bas ɗin biki, ita tana da hanyarta. Tikiti kashi biyu ne, na safe daban na yamma daban, yara 'yan 12 zuwa ƙasa kuma kyauta ne, kinga naki ukun duk sun tsira. Wajen ƙarfe shida, duhu bai yaye ba, wasu balan 'yan kaɗan suke fara tashi don gwada wa sauran yanayin iska, kina tsaye sai kiga abu kamar fitilar ƙwai ƙatuwa ta kama a sama ta mutu ta sake kamawa, duk sanda matuƙin ya hura wuta. Ƙarfe bakwai sai babban tashi, ɗaruruwa, layi bayan layi.

Abinda ya bambanta wannan biki da sauran shine ba'a killace ku a gefe, cikin filin ake shiga, filin kuma ya fi hekta 30. Zaki tsaya dab da mutane suna zazzage yadin balan daga buhu suna shimfiɗawa a ciyawa kamar masu shanyar rini, a kunna ƙatuwar fanka tana cika shi da iska yana kumbura a kwance, mutum biyu riƙe da bakinsa, can ƙarshe wani ya ja igiyar kansa yana turjewa kamar mai riƙe da bijimi, sannan matuƙi ya durƙusa ya saki wuta, fuuuu, ƙarar sai kin ji a ƙirji, ɗumin ya doki fuskarki a cikin sanyin nan, sai abin ya miƙe tsaye a hankali ya fi gidan bene hawa shida. Akwai wasu masu riga zane-zane baƙi da fari da usur a baki, jakin dawa ake ce musu saboda rigar, sune masu bada izinin tashi, in suka ce a matsa to a matsa. Su kaɗa hannu, kwando ya bar ƙasa ba ko girgiza, jama'a su ɗau tafi. Ki ɗaga kai minti ashirin bayan nan sama ta cika, ga duwatsun Sandiya ta gabas rana na leƙowa ta bayansu. Ni dai na tsinci kaina ina ta Subhanallah a bayyane, wani bature a gefena yana gyaɗa kai kamar ya ji.

Don yara, ranakun Alhamis da Juma'a ne ake fito da masu siffofi, saniya ƙatuwa, ƙudan zuma masu riƙe da hannun juna, da sauran shirme masu daɗin kallo. Da yamma kuma akwai wanda ba'a tashi, balan na tsaye a ɗaure, a ƙirga a hura wuta lokaci ɗaya fili ya haske, a rufe da wasan wuta. Abu ɗaya, ki rubuta lambar wayarki ki sa a aljihun kowane yaro, mutane dubu ɗari takwas zuwa tara ne ke ratsa wajen cikin kwana taran, kuma kowa sama yake kallo ba ƙasa ba.

TAMBAYA: Kawu ni ɗalibin kimiyya ne aji biyar a sakandare. Abinda ya ɗaure min kai, abu ba inji ba fuka-fuki ba sitiyari, ya yake tashi, kuma ya matuƙin yake kai shi inda yake so? Malaminmu yace iska mai zafi ce amma bai yi bayani ba. Ɗanka daga Zariya

AMSA: Ɗana malaminka gaskiya ya faɗa, ƙila kararrawa ce ta katse shi. Ka taɓa tsayawa inda ake ƙona shara kaga guntun takarda ko leda ta yi sama tana lilo? Shine dai. Iska in ta ɗau zafi buɗewa take, sai ta zama ba ta kai ta kewayenta nauyi ba, sai ta yi sama kamar yanda gora ke tasowa a ruwa. Balan buhu ne kawai da ya tare wannan iskar. Ana dafa ta cikinsa zuwa wajen digiri 100 da murhun gas, gas ɗin furofen, tukwanen na cikin kwandon. Kowace mita ɗaya mai siffar ƙwayar sukari, wato faɗi da tsawo da tsayi mita ɗaiɗai, abinda take iya ɗagawa wajen rubu'in kilo ne kawai, shi ya sa dole buhun ya zama ƙato, madaidaicin da ke ɗaukar mutum uku yana cin mita irin wannan sama da 2,000. Ka lissafa da kanka tunda ɗan kimiyya ne. Kuma kaga dalilin da yasa ake son sanyin asuba, in waje da sanyi bambancin ya fi yawa, ɗagawar ta fi ƙarfi, ga iska a kwance kafin rana ta gasa ƙasa ta fara tada guguwa.

Yadin nailan ne mara nauyi, amma na bakin kusa da wuta wani yadi ne daban da baya kamawa. A can ƙoli akwai murfi, matuƙi in ya ja igiya sai ya buɗe iska mai zafi ta fita balan ya sauko. Kwandon kuwa har gobe saƙa ce ta kara irin na kujerun saƙa, don in aka bugi ƙasa lanƙwasawa yake ya shanye bugun, ƙarfe kuwa sai ya miƙa wa gwiwarka.

Sitiyari kam babu, kuma nan ne daɗin abin yake. Matuƙi sama da ƙasa kawai yake da iko a kai. Amma iska hawa-hawa ce, ta ƙasa na iya yin kudu ta samanta tana yin arewa, to aikinsa shine ya nemo hawan da ke tafiya inda yake so ya zauna a ciki. Albukaki Allah ya basu wani abu da suke kira akwati. Garin a kwarin kogin Riyo Girande yake, da dare sanyin iska mai nauyi na gangarowa kwarin daga arewa zuwa kudu, ita kuma ta sama sau da yawa daga kudu take zuwa arewa. Sai mutum ya tashi ƙasa-ƙasa iska ta kai shi kudu, ya ƙara wuta ya hau, ta sama ta dawo da shi arewa ya wuce filin, ya sauko ta ƙasa ta sake kawo shi, har ya dira kusa da inda ya tashi. Ba kullum akwatin ke aiki ba, kuma da rana ta yi zafi yake watsewa, amma shine ya sa garin ya zama uwa ma ba da mama a harkar. Wasu 'yan gwaninta har gangarawa suke su tsoma gindin kwando a kogin su tashi ruwa na zuba.

Tarihin ma zai burge ka. Wasu 'yan uwa biyu masu sana'ar takarda a Faransa, 'yan gidan Mongolfiye, su suka fara a 1783, kuma su a zatonsu hayaƙi ne ke ɗagawa, shi ya sa suke ƙona ciyawa da ulu. A watan Satumba na shekarar a gaban sarki Luwi na 16 a fadar Basai suka ɗora tunkiya da agwagwa da zakara, duk suka sauko da rai, sannan ranar 21 ga Nuwamba mutum biyu suka tashi a Faris na minti 25. Shekara 120 kenan kafin jirgin sama mai inji. Irin na yanzu mai gas kuwa wani Ba'amurke Ed Yost ya gwada shi a 1960. Shi bikin Albukaki a 1972 aka fara da balan 13 kacal a wajen ajiye motoci na wata kasuwa, don murnar cikar gidan rediyon KOB shekara 50, wani matuƙi Sid Cutter ne ya jagoranta. A 2000 sun haura 1,000, daga baya aka rage don gari ya cika da gine-gine wajen sauka ya yi ƙaranci, yanzu ɗari biyar da wani abu ake yi.

TAMBAYA: Malam Kawu, ɗana da ke aiki a Amurka ya gayyace ni kuma yace ya biya min kuɗin hawa abin nan. Hajiya ta rantse in na hau ba ita ba ni, wai jefa kai ne a halaka, mutum da girmansa ya shiga kwando a sa masa wuta a ka. Shekarata 63. Tsakani da Allah akwai hatsari? Alhaji, Kaduna

AMSA: Ranka ya daɗe, a gaida Hajiya, kuma yanda ta kwatanta abin wallahi ba ƙarya, kwando ne da wuta a ka. Ba zan ce maka babu hatsari ba. A Fabrairun 2013 wani ya kama da wuta a Luksor ta Masar mutum 19 suka rasu. A Yulin 2016 a Lokhat ta jihar Teksas wani ya taɓa manyan wayoyin wuta, duka mutum 16 na ciki suka tafi. A Albukakin kanta a Yunin 2021, ba lokacin biki ba, mutum 5 suka rasu, nan ma wayar wuta ce. Kaga babban abokin gabar balan ba tsayi bane, wayar lantarki ce da iskar da ta tashi ba zato lokacin sauka. Bayan na Teksas ɗin ne hukumar sufurin sama ta Amurka ta wajabta wa matuƙan da ke ɗaukar fasinja don kuɗi gwajin lafiya irin na sauran matuƙa.

Amma ka auna da ɗaruruwan da ke tashi kullum tsawon kwana tara su sauka lafiya, ni dai a ganina hanyar Kaduna zuwa Abuja da daddare ta fi bani tsoro. Hukuncin addini a bar wa malamai, ni nawa shawara ce. Kamfani ɗaya ne aka yarje wa ɗaukar fasinja daga cikin filin bikin, Rainbow Ryders, ka tambayi ɗanka ko su ya biya, in wasu ne daga wajen fili suke tashi, to a tabbatar da lasisinsu. In matuƙi yace yau ba tashi kada ka ji haushi, ka gode masa, wanda zaka ji tsoro shine mai cewa mu gwada mu gani.

Abinda zaka duba a jikinka kuwa gwiwa ce da baya. Ba ƙofa a yawancin kwandunan, ta ramukan taka ƙafa ake hawa a tsallaka, kuma tsayuwa ce ta kusan awa guda ba kujera ba bayan gida. Sauka wani lokaci kamar ajiye ƙwai, wani lokaci kuma kwandon ya bugi ƙasa ya ja ya kwanta da ku, shi ya sa ake cewa a lanƙwasa gwiwa a riƙe igiyoyin ciki kada hannu ya fita waje. In kana da ciwon zuciya ko an taɓa yi maka aiki a baya ko ƙugu, likita za'a fara tambaya. Mai ciki ba'a ɗauka. Babbar riga a bar ta a masauki, wando da jaket, hula kuma a sa don zafin murhun na sauka a tsakar ka. Abin mamaki a sama ba'a jin iska ko kaɗan tunda tare kuke tafiya da ita, shiru kake ji har haushin karnukan unguwa daga ƙasa. In kuma Hajiya ta ƙi saukowa, Alhaji kallon daga ƙasa ma ya isa tafiya, zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

TAMBAYA: Kawu batun sallah da abinci fa? Naji ance tun kafin asuba ake fita. Kuma mu masu hijabi ba matsala? Ƙanwarka, Niyok

AMSA: Ƙanwata, lokacin bikin alfijir na ketowa wajen shida saura kwata, rana ta fito bakwai da 'yan mintuna, kenan asuba a fili zata same ki. Ki yi alwala tun a masauki ki sa safa, ruwan wajen kamar ƙanƙara yake, ki riƙe 'yar darduma ki samu gefe can bayan rumfuna ki yi sallarki, ni haka nayi ba wanda ya ko kalle ni sau biyu. Alƙibla arewa maso gabas take daga can, waya zata nuna miki. Juma'a kuma akwai masallacin cibiyar Musulunci ta Niyu Meksiko a cikin gari. Hijabi ba mai damuwa, cikin sanyin nan kowa a naɗe yake, sai dai in zaki matsa kusa da wuta ko fanka ki cusa gefen mayafin cikin jaket, kada ya zama mai santsin nan yana filfilawa.

Abinci ne wajen lura. Abin karin safen da kowa ke layi a kai burito ne, fanken alkama mai faɗi da ake naɗe ƙwai da dankali da cuku da barkono a ciki, da zafinsa a hannu a cikin sanyin nan ba'a magana. Amma mafi yawa da naman alade ake yi, duk inda kika ga an rubuta bacon ko ham ko chorizo ki kauce, sausage ɗinsu ma yawanci shi ne. Ki ce na ƙwai da dankali zalla. Miyar koren barkononsu ma sau da yawa da alade ake dafawa, wake da fanken kansa wasu da kitsen alade suke yi, lard suke ce masa, har biskit ɗin da jihar ke alfahari da shi da wannan kitsen ake murzawa. Tambaya ba laifi bace, sun saba. Ni mafi sauƙi fulas ɗin shayi da dafaffen ƙwai da burodi daga masauki.

Barkonon nasu dai ki ɗanɗana. Duk inda kika zauna cin abinci sai an tambaye ki ja ko kore, har jihar ta mayar da wannan tambaya ta hukuma, in kina son duka biyu ki ce Kirsimeti. Lokacin ne ake gasa koren a cikin gangunan waya masu juyawa a bakin shaguna, ƙamshin ya cika gari. Suna ta gargaɗi wai da yaji, na ci na yi murmushi, wanda ya tashi da attaruhu. Sai kuma al'adar matuƙa, in an sauka sukan buɗe giya a yi murna, ki faɗa tun farko ba kya sha, lemo zasu zuba miki.

TAMBAYA: Kawu mu da muke gida fa? Na tara 'yan kuɗi ina son in ga wannan abu da idona. Ɗan kasuwa, Kano

AMSA: Ɗan'uwa kada ka sayi tikitin komai sai biza na hannunka. Tun 2025 ƙofar Amurka ta ƙara tsukewa, a watan Yuni aka sa Chadi da Sudan cikin ƙasashen da aka hana shiga, a Yuli aka mayar da bizar ziyara ta 'yan Najeriya shiga ɗaya ta wata uku, a Disamba aka faɗaɗa jerin Nijar ta shiga, Najeriya ma aka dakatar mata da bizar ziyara. Kuɗin neman biza kuma ko an hana ka ba'a mayarwa. Duk dillalin da yace maka yana da hanya, kuɗinka yake so.

In balan ne a kan hamada kake son gani, akwai na kusa. Luksor a Masar kusan kullum da asuba ana tashi ta yammacin kogin Nilu, ƙasa ga gonakin rake kore shar, taku ɗaya kuma sai hamada da kwarin kaburburan Fir'aunoni, kamar an ja layi da wuƙa. A Turkiyya akwai Kafadokiya inda balan wajen ɗari ke tashi a safiya ɗaya in yanayi ya yi kyau, Dubai da Marakish ma ana yi, Ƙatar na nata bikin lokacin sanyi tun 2019. Akwai kuma Al'ula a arewa da Madina, sai dai nan kusa da Hijir ne garin Samudawa mutanen Annabi Salihu, kuma akwai hadisi a kan yanda ake wucewa ta wajen, ka zauna da malaminka kafin ka haɗa da Umara. Ko ina ka zaɓa dokar ɗaya ce da na faɗa wa maman yara, ka sa hawan a safiyar farko ta tafiyarka, in iska ta hana kana da gobe.

TAMBAYA: Kawu ni karatu nake a Arizona, kuɗin hawa ɗaruruwan daloli ne, aljihuna ba zai ɗauka ba. Akwai dabara? Ɗalibi mai fama

AMSA: Akwai, amma da gumi. Kowane balan na buƙatar mutanen ƙasa masu tada shi su bi shi a mota su naɗe shi in ya sauka, kuma matuƙa da yawa daga nesa suke zuwa ba su da mutane, shi ya sa masu bikin ke ɗaukar 'yan sa kai. Ka yi rajista da wuri, za'a haɗa ka da matuƙi, ka shiga fili ba tikiti. Ba alƙawarin hawa a ciki, kada ka je kana roƙo, amma in ka yi kwana biyu uku kana aiki ba ƙorafi sau da yawa zaka ji ance yau kai ne.

Zuwana na biyu haka nayi. Muna cikin a-kori-kura muna bin namu, ɗaya na tuƙi ɗaya ya zuro kai ta taga yana nuna sama, rediyon hannu na ta ƙara, mu shiga wannan lungu ya ɓulle ba hanya mu juyo. Ta arewa da filin ƙasar Sandiya Fuwebulo ce, ta 'yan asalin wajen tun kafin zuwan Turawa, ba'a kutsa musu sai da izini, haka gonar kowa ma sai an yi sallama. Namu a wani fili bayan gidaje ya sauka, kafin mu isa yaran unguwa da iyayensu sun fito da kayan barci sun riƙe kwandon. Sai naɗi, a matse iskar daga baki zuwa ƙoli yadin ya zama kamar doguwar igiya, a ɗauka a hammata ana turawa cikin buhu, ya cika ya ƙi rufuwa, sai matuƙin yace kowa ya zauna a kai. Mu bakwai muka haye buhun muna dannawa da mazaunai, ni da furfurata, wata tsohuwa a gefena tana dariya har da hawaye. Ka riƙe safar hannu ta fata, igiyar nan tana cin tafin hannu, nawa sai da ya yi sati yana zogi.